Buhunan Shinkafata na Tallaje

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar farin nan, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa, ranar da bakina ya kusa kai maigidana kaso. Shi ne magaziniye, wato mai kula da sito, a wata babbar makaranta a nan Yamai, makullin abincin ɗalibai a aljihunsa yake kwana. Amma mutumin nan ko ƙwayar shinkafa bai taɓa kawowa gida ba. Sai buhunan da aka zazzage, wai in yi shimfiɗa.

Ni kuwa (Allah ya yafe mini) sai na cika su da yashi, na ɗinke, na jera a ɗaki daidai inda maƙwabta za su hango. Dusa muke tuƙawa, amma in Hamsatu maƙwabciyata ta leƙo sai in ce, "Wallahi shinkafar nan ta gundure mu."

Ashe ɗalibai sun kai kuka cewa abincinsu na ɓacewa. Aka ce makaranta ta ba da rapor, wato rahoto, kowane buhu a faɗi inda ya shiga. Zancena kuwa ya riga ya zaga unguwarmu ta Tallaje, har ya isa kunnen masu bincike.

Da hantsi sai ga mota, kapitan da soja biyu, maigida a tsakiyarsu fuska kamar toka. Matan unguwa suka cika ƙofa.

"Madam, waɗannan fa?" in ji kapitan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da kake zato ba ne."

"To buɗe."

Na tsaya ina murza bakin zane. Maigida ya dube ni, ya ce, "Ke, buɗe mana, kaso ake maganar kai ni!"

Soja ya soka wa buhun farko wuƙa. Yashi ya zubo, shaaa, har kan takalmin kapitan. Na biyu ma haka. Kapitan ya ɗaga murfin tukunyata, ya ga dusa, ya mayar a hankali.

Daga ƙofa Hamsatu ta ce, "Ayya, dole ta gundure ku."

(Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.)

Kapitan ya rubuta cewa magaziniye ba shi da laifi, ɓarnar a wani wuri take. Maigida ya koma aikinsa, ni kuma na yi wata ban leƙa famfo ba. Tun daga ranar, ko an tambaye ni me muka ci, murfin tukunya kawai nake ɗagawa.