Waƙar Miyar Kifi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Maigidana, Baban Asiya, malamin sakandare ne, amma Allah Ya jarabce shi da son waƙa, ta bege da ta faɗakarwa. Shi da abokansa suna da wata 'yar na'ura da suke kira lufa. A ƙasa ake ajiye ta, da ƙafa ake taka ta. Ka taka sau ɗaya ta ɗauki sautin da ka yi, ka sake takawa ta yi ta maimaita shi, kai kuma kana ɗora wani a kai. Mutum ɗaya sai ka ji kamar mutum goma. Duk Asabar a falonmu na Gwadangaji suke haɗuwa, ni kuma nawa girki ne (da aika saƙon a rage ƙara). Dokarsu guda ce: ba a goge sautin ɗan'uwa. Komai muninsa, ɗora masa ake yi har ya gyaru.

Ranar suna da baƙo, Malam Sahabi mai gurmi daga Argungu. Ya taɓa gwada tasa lufar a wani biki, ƙafarsa ta makara wajen takawa, kiɗan ya rinƙa ɗingishi, matasa suka yi ta dariya suna ɗaukarsa a waya. Tun ranar bai ƙara taɓa ta ba, har ya sa ta a kasuwa. Da ƙyar suka lallaso shi ya zo ya gwada sau ɗaya, in bai yi ba ya haƙura. Wallahi don tausayinsa na yi miyar kifi ta musamman.

Da aka kira Azahar suka tafi masallaci. Emeka mai jita, wanda ke sayar da kayan wuta a kasuwa, shi ma ya fita leƙa shagonsa. Na shiga falo in shimfiɗa ledar cin abinci, sai muka haɗa ido da lufa.

To, bari in faɗi gaskiya. Shekara guda ina leƙensu ta bayan labule (ni da nake gaya wa matan Islamiyyarmu ko kallo abin bai ishe ni ba). Na duba ƙofa, na ɗauki makirfo, na taka. Jar wuta ta kama. Na gyara murya: "Miyar kifin Maman Asiya, wanda ya ci sai ya ƙara..." Ina cikin jan "ƙara" sai ƙauri ya bugi hancina. Na ce, "Wayyo Allah, tuwona!" na taka da sauri. Muryata ta dawo mini. Na rikice, na yi ta taka ta har ta yi shiru, na ruga kicin. A tunanina tunda ta yi shiru ta manta.

Bayan sun ci abinci aka zaunar da Malam Sahabi gaban lufa. Ina bayan labule ina yi masa addu'a. Ya yi bisimilla, ya taka.

"Miyar kifin Maman Asiya, wanda ya ci sai ya ƙaraaa... Wayyo Allah, tuwona!"

Ta sake. Ta kuma sakewa. Ban taɓa sanin haka muryata take ba, kamar ana jan tsohon ƙyaure. Kowa a falo ya sunkuyar da kai yana cije leɓe.

Baban Asiya ya ɗago ya ce, "Maman Asiya, ko kin san mai wagga murya?"

Na ce, "Don girman Allah, Baban Asiya, a goge."

Emeka ya ce, "Haba Hajiya, ke da ke jin dokarmu kullum ta bayan labule?" (Ashe yatsun ƙafata suna fitowa ta ƙasa. Shekara guda!)

Malam Sahabi kuwa bai yi dariya ba. Ya karkata kai yana ƙirga da yatsa. Can ya ce, "Ku dakata. Wanga taku daidai yake, ko kaɗan bai makara ba. Hajiya, ƙaƙa kika yi?"

Na ce, "Malam, ni ban yi komi ba. Tuwona ne ke ƙonewa."

Ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce, "Awo! Ni tunani ne ya yi mini yawa." Ya ɗauki gurmi ya ɗora a kan "tuwona", ya taka, ta zauna cif. Emeka ya shigo da jita, wani ya kama kalangu, maigidana (Allah Ya yafe masa) ya ɗauki amshi. Ni kuwa ina kicin na cusa kai cikin hijabi, ina kankare ƙanzo, ƙafata tana bin kiɗan ba da izinina ba.

Malam Sahabi bai sayar da lufarsa ba. Duk Asabar yana zuwa, da kifin Argungu a leda, kuma daga bakin ƙofa yake cewa, "A gaida malamata."

Na koyi darasi: na'ura in ta yi shiru ba mantawa ta yi ba. Kuma in zan sake (ban ce ina sakewa ba), sai na sauke tukunya tukuna.