Wayata a Cikin Tukunyar Tuwo

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na kusa ɓata wa mijina intabiyu da hannuna ba, kuma wallahi da zuciya ɗaya na yi.

Abin ya samo asali ne daga wani saƙon murya da aka turo gurup ɗinmu na matan layi, lokacin 'yata Ihsan tana wata bakwai, ta fara rarrafe. Wata mata ce da ban san ta ba, murya kamar ta malamar asibiti, tana cewa waya tana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, yana dafa ƙwaƙwalwar jariri a hankali. Ni da karatuna ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, ga Ihsan ita ce ta fari, ina na ga bakin musu? Daga ranar, da zarar yarinyar ta nufi inda wayata take, sai in ɗauke in jefa cikin babbar tukunyar ƙarfe a kicin, in kifa murfi. (Tunanina shi ne, tukunyar da take riƙe tururin tuwon mutum goma, ai tururin waya ba zai gagare ta ba.) Ban gaya wa Baban Ihsan ba, don na san dariya zai yi.

Shi kuwa wata biyar kenan yana zaune a gida tun da aka rufe wurin da yake aikin sito. Sai ga wani kamfani ya kira shi, za su yi masa intabiyu ta kwamfuta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ya aro kwamfuta wajen abokinsa a Nyanya. Layinsa ba ya kamawa a lungunmu na Jikwoyi, nawa ne ke kamawa, shi ma sai a bakin ƙofar falo. Ya kunna abin da suke kira hotspot a wayata, wato wayar ta riƙa ba kwamfutar intanet ba tare da igiya ba, ya ajiye ta a ƙasa bakin ƙofa, ya juya baya ya zauna yana gwaji, sanye da farar rigarsa da na goge har sau biyu.

Ihsan ta hango waya tana haske, ta nufe ta gadan-gadan. Na lallaɓa na ɗauke, tukunya, murfi.

"Maman Ihsan! Ya yanke! Miƙo min wayar nan."

Na ruga na ciro na kawo. Ya kashe ya kunna, abu ya dawo. "Kin gani? Sai an iya," in ji shi, ya mayar da ita bakin ƙofa. Ihsan ta sake nufar ta. Na sake ɗaukewa.

Haka muka yi har sau huɗu. Ya sake lambar sirri, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya ja teburin kusa da taga, ya kira abokinsa yana faɗa wai ya ba shi kwamfuta mai aljanu. Ko sau ɗaya bai zo min a rai cewa ni ce aljanar ba. A ganina, tunda sun riga sun haɗu, shi kenan, ko can garin Karshi na tafi da wayar za su ci gaba da jin juna.

Goma da rabi ta yi, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Tausayinsa ya kama ni, kuma mai neman wanda zai ɗora wa laifi ba ya rasawa. Na ɗaga murya na ce, "Ni dai tun da Anti Rifkatu ta kafa faifan talabijin ɗin nan a rufinta sabis ɗinmu ya lalace. Shi ke zuƙe mana!"

Anti Rifkatu maƙwabciyarmu ce, 'yar Filato, tana aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata. Bango ɗaya ya raba mu, kuma na manta tana hutu. Ko minti biyu ba a yi ba muka ji sallama.

"Oga, sannu da aiki. Na ji wai faifan nawa yana shan sabis naku. To bari in gani ko zan sa shi ya yi amai."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Ta zauna gaban kwamfutar, ta duba nan ta duba can, ta ce, "Kwamfuta ba shi da matsala. Ba ya ganin waya ne kawai. Ina wayar?"

Na sulale kicin na kawo. Ta karɓa, kwamfuta ta kama nan take. Ta shiga cikin wayar ta kashe wani abu da ke rage cin batir, ta ce wani lokaci shi ke yanke haɗi. Tana shirin ajiyewa sai ta tsaya, ta juya bayan wayar, ta sa farce ta ɓanɓaro wani abu. Ta kai hanci.

"Maman Ihsan, wayar naki yana cin tuwo ne?"

Ƙanzo ne, jama'a. Da rawar jikin safiyar nan ko tukunyar ban wanke da kyau ba.

Baban Ihsan ya juyo a hankali. "Daga ina kike ɗauko wayar nan?"

Na faɗi gaskiya, tun daga saƙon muryar har zuwa murfi, hawaye na zuba. Anti Rifkatu ta yi dariya har sai da ta dafa bango. "Haba 'yar'uwa! Wannan abu ko bango biyu wahala yake sha, ke kin kai shi kicin, kin sa a ƙarfe, kin rufe! Ko ni aka rufe a tukunya ba zan yi magana ba."

Shi agogo kawai ya kalla. Saura minti tara. Anti Rifkatu ta ɗora wayar kan kujera a bakin ƙofa, ta jona mata caja, ta saɓi Ihsan a kafaɗa, ta ja hannuna zuwa ɗakinta. "Ki zauna nan inda zan gan ki. Kar ki taɓa ko cokali."

Minti arba'in na yi ina jan carbi, kunnena a jikin bangon da ya tona min asiri. Ina jin muryarsa tana tafiya tiryan-tiryan, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Da ya gama ya leƙo, sai ya ce, "Hajiya mai tukunya, a fito." Nan na san an yafe min.

Bayan sati biyu suka kira shi ya fara aiki, alhamdu lillahi. Ranar rigakafi na cire kunya na tambayi nas maganar tururin. Ta ce in daina ba yarinya waya tana tsotsa saboda datti, sauran kuma in bar wa mai saƙon. Na kai wa Anti Rifkatu tuwo da miyar kuka na ban haƙuri, ta buɗe kwanon ta leƙa, ta ce tana duba ko akwai waya a ciki.

Na dai koyi cewa tambayar da aka ji kunyar yi a ɗaki, a gaban maƙwabta ake amsa ta. Roƙona gare ku ɗaya ne: don Allah, in irin wannan saƙon ya shigo wayarku, ku tambayi wanda ya sani kafin ku tura wa mai jaririn fari. Mu duk abin da aka ce zai taɓa ɗanmu, yarda muke yi.