Ranar da Na Auna Shekarun Uwar Maƙera

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Jiratawa ba, kuma tun kafin ku tambaya, wawan labarin ni ne. Gara in faɗa da bakina, don 'yan fadarmu ta shayi a Sabon Gari sun riga sun ƙara masa gishiri.

Ni dai aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, kafin noma ya janye ni, amma na shekara ashirin da wani abu ina gadin wata makaranta a nan Maraɗi. Wanda ya daɗe bakin taga yana sauraren darasi ai ba za a kira shi jahili ba (haka dai nake gaya wa kaina). Da na bar aiki na taho da wani gilashin ƙara girma mai tsagaggen gefe, shi ne digirina. Duk wanda ya tsinci tsohon kwabo ko tsohuwar wuƙa, wurina yake kawowa in yanke mata shekaru, ba kuma wanda ya taɓa musa mini, tunda ba mai shaida.

Surukina Lawali, mijin babbar 'yata, mushe ne, wato malamin lakwal, a Tibiri. Yana tara kayan sana'o'in gargajiya a wani ɗaki don yara su gani da ido. Sai ya ji labarin wani maƙeri ya rasu a Jiratawa, ɗansa Sanusi kuwa kabu-kabu yake yi, ba ruwansa da ƙira, kuma iyalin sun yarda su rabu da uwar maƙerar gidan, wato babban ƙarfen da ake ɗora jan ƙarfe a kai a daka. Lawali ya zo har gida, ya durƙusa. "Baba, na daɗe ina neman irinta. Amma ba zan saya ba sai ka duba ka ce tsohuwa ce."

Suruki ya ce sai da kai! Na fiddo babbar rigata ta Sallah, mai cin sitati, na hau bayan babur ɗinsa kamar jakada.

Sanusi ya tarbe mu, ya nuna mana rumfar ƙirar a bayan gida. "Ku shiga, tana ciki. Bari in kira Inna, ita ke da ta cewa." Inna ita ce mahaifiyarsa, ta tafi barka wani gida can ƙarshen gari.

Rumfar da duhu-duhu, ga toka, ga zugazugi a rataye. Gwiwata tana ciwo saboda babur, sai na hango wani ɗan kututture a gefe an lulluɓe shi da buzu. Na ce a raina, mutanen kirki, har sun tanadi wurin zaman baƙo. Na baje riga na zauna. Da tauri kam, amma masani ba ya ƙorafi. A gabana kuma ga wani ƙarfe kafe a ƙasa, baƙi ƙirin, samansa ya lotsa.

Na ce, "Lawali, matso ka ga aiki."

Na ƙwanƙwasa shi da makullin ɗakina, na kara kunne. "Ka ji wannan amo? Ƙarfen tama ke nan, wanda kakanni suka narka da hannu. Na Nasara ƙara yake yi kamar gwangwani." Na kankare tsatsa na duba da gilashi. Na ma ɗanɗana (Allah Ya yafe mini, har da lumshe ido). Sannan na auna lotsawar saman da yatsa, na bayyana cewa kowane faɗin yatsa shekara hamsin ne na dukan masaɓa. Wannan ƙa'ida a nan take na ƙirƙiro ta, amma ta fito da nauyi kamar daga littafi.

Kafin nan maƙwabta sun taru a bakin rumfa suna leƙe. Wani dattijo ya kafe ni da ido, baki buɗe, yana son magana yana fasawa. Na ɗauka ilimi ne ya kama shi, sai na ƙara murya.

"Yatsa huɗu da rabi! Wannan ta girmi ganuwar Maraɗi. Lawali, ko bijimi biyu aka ce maka, kada ka yi ciniki."

Lawali ya rubuta a ɗan littafinsa cike da murna.

Sai ga Inna, 'yar tsohuwa da sanda, Sanusi na biye. Bayan gaisuwa Lawali ya nuna ƙarfen cikin ladabi, ya karanta mata abin da na faɗa. Ta duba ƙarfen, ta dube ni.

"Wannan? Ai ƙarfen ƙafar babbar mota ne. Wata motar gyaɗa ce ta faɗi a hanyar Katsina, marigayi ya je ya yanko shi, ina goyon Sanusi."

Na waiga na dubi Sanusi. Ko furfura ɗaya babu a kansa.

Wallahi na ji gumi ya tsatso mini ta ƙarƙashin hula. Lawali ya sunkuyar da kai, ya rufe littafin a hankali kamar mai rufe gawa. Da a nan abin ya tsaya, da na gode Allah.

Inna ta shiga waige-waige. "To ina uwar take? Sanusi, wa ya taɓa ta? Nan na bar ta da buzunta."

Dattijon nan na bakin ƙofa ya ɗaga yatsa a hankali, ya nuna ƙarƙashin rigata.

Salatin da aka ɗauka, na tabbata an ji shi a Tibiri. Ashe abin da na baje a kai tun ɗazu ita ce uwar maƙerar kaka da kakanni, wadda a gidan ko tsallake ta ba a yi, a kanta suke rantsuwa, ba a taɓa ta sai da alwala. Na zabura zan miƙe, gwiwa ta ƙi. Sai da surukina, mijin 'yata, ya kama ni ta hammata ya ɗaga ni a gaban jama'a, buzun kuma ya biyo rigar.

Inna ta ce al'adar gidan tarar jan zakara ce a kan duk wanda ya yi haka, kuma maganar sayarwa ta mutu. "In masaninku ya mai da ta kujera, yaran lakwal mi za su mai da ta?" Lawali ya cusa littafinsa a aljihu. Abin da ya shekara yana nema, ni na zaune masa a kai.

Tun ranar na koyi cewa in ka shiga ɗakin mutane, ka tambayi wurin zama kafin ka tambayi tarihi. Amma a lokacin ban koya ba tukuna, don sai da na nemi ceton fuska. Na gyara hula na ce, "Inna, ai da ma tun da na zauna na ji a jikina wannan tsohon ƙarfe ne."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"To Malam, ashe ilimin naka ba a ka yake ba. Gobe in an kira ka duba kaya, ka bar baki ya huta, mazaunai su yi bayani."