Taswirar da Na Ɗaga a Taron Meri

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranaku.

A zangonmu na Sokode akwai wani fili a bayan gidaje inda mahauta ke ɗaure shanu tun zamanin kakanni. Kwatsam aka ce meri, wato hukumar gari, za ta yanka shi fuloti-fuloti, a gina benaye, a hana ajiye dabba a wurin. Hankalin kowa ya tashi, ga shi babu wanda ya ga taswirar aikin da idonsa.

Ni tela ne, amma na yi lise, wato babbar sakandare, shekara biyu, don haka duk takardar Faransanci wurina ake kawowa (abin ya ɗan hau mini kai, ba zan ɓoye ba). Na kira ɗan kawuna mai shagon fotokofi a can garin Dapaong, wanda ma'aikata ke yawan zuwa wurinsa, na ce ya samo mini taswirar sabbin fulotan nan. Washegari ya turo hoto. Na buga shi a takarda, na duƙufa. Ga alamar masallaci, ga jan layi ya ratsa tsakiyarsa. Na ce, "Innalillahi! Titi zai bi ta kan masallacinmu!"

Kafin la'asar magana ta game unguwa. Liman ya kasa cin abinci. Samari suka fara zancen tare hanya. Meri ta kira taro ranar Talata. Sarkin fawa, Alhaji Idi, ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, kai ne bakinmu ranar taro."

Ranar, zauren meri ya cika maƙil, jandarmomi biyu na tsaye a ƙofa. Tun kafin matar da meri ta sa ta auna filin ta gama gaisuwa na miƙe. Na ɗaga takarda sama, na yi Faransanci, na yi Hausa, har yaren Tem ɗin da ban iya sosai ba na jefa. Na ce sai dai a bi ta kan gawarmu. Mutane suka ɗauki kabbara, wani ya harbi benci, jandarma ɗaya ya matso.

Matar ta jira na numfasa, ta ce, "Malam, ɗaga babban yatsanka. Karanta mana abin da ke ƙasan takardar."

Na ɗaga. Na karanta da bakina, a gaban liman, a gaban surukina: "Dapaong."

Ashe taswirar garinsu ɗan kawun nawa ya turo. Masallacin da na yi kwana uku ina karewa, ban taɓa ko sallah a cikinsa ba.

Gumi ya bi bayana har cikin wando. Alhaji Idi ya ja gefen rigata ya ce, "Zauna haka nan." Sannan ya miƙe a hankali ya ce, "Madam, mu tambayarmu ɗaya ce. Shanu ina za su?"

A kan wannan aka yi awa biyu ana ja. Masallacinmu ba a taɓa shi ba. Batun shanu kuwa aka kafa kwamiti, har yau ana kai da komo. Ba a sa ni ciki ba.

Yanzu ko takardar asibiti aka miƙo mini, daga ƙasa nake fara karantawa. Kuma kafin in ce a mutu a kan wani abu, nakan tambaya ko a garinmu yake.