Wake a Cikin Hula

Jama'a, ku taya ni murna, na zama babban mutum. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce hukuma ta san da zamana a garin Kafanchan. Ni Gershon, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shaƙar ƙurar alli a firamare, wanda masu biyan fansho suka manta ko yana numfashi, sai ga ƙarti sanye da riga mai ɗaukar ido sun kewaye ni a tsakar kasuwa, ana busa usur, mata suna dafe kai. Laifina kuwa ba ƙarami ba ne. An same ni da tafin wake guda a cikin leda wanda ban biya kuɗinsa ba. Mai waken ce ta zuba mini da hannunta.

Bari in koma baya kaɗan, don kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

Tun da na ajiye alli na zama gwani wajen farautar kyauta. Ba roƙo ba, ku fahimce ni, ni dattijon ikilisiya ne. Ina nufin ɗan abin nan da ake ɗora wa mutum idan ya kashe kuɗinsa. Babu irin wanda ban gwada ba. Na sa kati a waya aka ce an ninka mini, na tashi kiran ɗiyata a Kwoi, sai wata mai zaƙin murya ta sanar da ni cewa kyautar ba ta aiki sai lokacin da duk mai hankali yake barci. Na sha lemon kwalba har matata, Madam Hulda, ta fara yi mini wa'azin ciwon suga, ina ɓare marfi ina leƙawa, kullum amsa ɗaya: sake gwadawa. Wani gidan mai ya yi mana alkawarin laima, na bi layi da babur ɗina duk tsawon damina, laimar ta iso bayan an gama girbi. Da na buɗe ta, ƙarafunan suka miƙe sama kamar suna neman gafara.

Bayan duk wannan wahala na gane cewa kyautar gaskiya ɗaya ce tal a ƙasar nan, ita ce gyara. Mai ƙosai ta jefa maka ɗaya a kai. Mai tsire ya yanko maka ɗanɗano. Mai citta ta ce kawo ledarka, ta ƙara maka 'yan saiwoyi. Ba a tambayar lambar wayarka, ba a ɗaukar ka hoto.

A fagen gyara kuwa, babu kamar Maman Tagwai. Gwauruwa ce daga Fadan Kaje, ita ke noma wakenta da hannunta, ta sheƙe, ta barbaɗe shi da busasshen barkono don kada ƙwari su ci, ta ciko wani tsohon daro mai bakin shuɗi ta kawo kasuwarmu. Daron nan shi ne shagonta, shi ne bankinta, daga cikinsa tagwayenta suke ci suke zuwa makaranta. Idan ta auna maka mudu sai ya yi tozo, sa'annan ta sa hannu ta damƙo ta ƙara, ta ce, "Ka gai da Madam." Da gyaran Maman Tagwai gidana ya sha ƙetare ƙarshen wata.

To, ana nan sai Allah ya albarkace mu da Kwamitin Tsara Kasuwa da Faranta Ran Mai Saye. Ban san wanda ya haife shi ba, mun dai wayi gari mun ga an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, lasifika tana kuka. Mai Girma Ciyaman, Garkuwan Masu Cefane, Allah ya ƙara wa tumbinsa faɗi, ya miƙe ya yi mana bayani. Ya ce shi da 'yan kwamitinsa sun sadaukar da kansu, sun tafi ƙasar waje sun yi mako da makonni a otal suna nazarin kasuwanni, kuma sun gano abin da ya hana mu ci gaba. A can, in ji shi, ba a gyara. Aka tafa.

Ya ce gyara rashin tsari ne, kuma rashin adalci ne, domin mai sayarwa tana ba wanda ta ga dama. Saboda haka daga yau kowace mace za ta sayi mudu mai hatimin kwamiti, da rula, ta riƙa share bakin mudun tas. Abin da a da take ƙara wa kwastoma, yanzu kullum da yamma za ta juye shi a buhun kwamiti. Mai saye kuma za a ba shi tikiti. Kafin Kirsimeti za a zuba tikitin wuri ɗaya a ciro masu sa'a: na ɗaya keke mai ƙafa uku, na biyu firij, na uku akuya. Sunan shirin Saya Ka Dara.

Kai, ilimi daɗi! Ni da na yi zaman aji shekara da shekaru, ban taɓa tunanin za a iya karɓe wake daga hannun mai ba ka shi, a ba ka takarda, kuma ka tafa ba.

Maƙwabcina Yafet, mai tuƙa keke, ya ce mini a hanyar gida, "Baba Tica, wannan abu fa akwai ƙamshin ɓera a ciki."

Na ce, "Yafet, kai ba ka je ƙasar waje ba, ka yi shiru."

Na kuwa shiga tara tikiti da gaske, don ba zan ɓoye muku ba, akuyar nan ta shiga raina. Har na fara gyara mata turke a bayan gida.

Ranar Alhamis na je wurin Maman Tagwai. Ta auna mudu, ta ɗauki rula ta share bakinsa tana ɓata fuska kamar an sa ta aske kan jaririn wata. Ta juye mini a leda. Ni kuma bakin nan nawa da ya saba tun zamanin da, bai shawarce ni ba, sai kawai na ji ya ce, "Haba Mama, ba gyara?" Hannunta shi ma bai shawarce ta ba. Ya nutsa cikin daro, ya damƙo, ya zuba.

Fiiir! Usur.

Shugaban ƙartin kwamiti masu riga mai ɗaukar ido ya matso, wani dogo mai suna Kevin, yana huci kamar ya kama ɗan fashi. Ya dubi Maman Tagwai ya ce, "Madam, kin karya doka. Oya, a ɗauki kaya."

Na ce, "Ɗana, ni na roƙa. Ga waken, mayar da shi zan yi."

Ya ce, "Baba, abeg ka koma gefe. Kai kwastoma ne, an kafa mu ne don mu kare ka."

Ina tsaye ana kare ni, suka ciccibi daron suka ɗora a bayan a-kori-kura. Maman Tagwai ta riƙe ƙarfen motar tana cewa, "Yesu na! Noman shekara na ke nan, ku ji tausayi na!" Suka ɓamɓare yatsunta suka tafi. Ta zauna a ƙasa, rula a cinyarta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin haushi irin na ranar ba.

Da na isa gida labari ya riga ni. Madam Hulda tana tsaye a bakin ƙofa da muciya. Ta ce, "Malam, duk zumuntar matan ikilisiya sun ji cewa bakin miji na ne ya rufe wa gwauruwa kasuwa ana gab da Kirsimeti. Ka je ka dawo da daron nan. In ba haka ba, tikitin ka za ka riƙa ci a gidan nan."

Washegari na sa kwat ɗina na zuwa sujada na nufi ofishin kwamiti. Wata yarinya mai dogayen farata ta ce Oga, wato Mai Girma, ba ya kan kujera. Na ce zan jira kujerar ta dawo da shi. Na zauna har cikina ya fara waƙa, sa'annan ta tausaya ta ce duk wani kaya da aka kama yana hannun ƙaramin kwamitin kayan da aka kama, shi kuma yana taro a kan bikin gobe. In zo wurin bikin, Oga zai saurare ni.

Asabar na tafi da tikitina cike da aljihu, Yafet yana biye da ni. An yi kwalliya ba kaɗan ba. Manya sun cika babban tebur, kowanne da ruwan gora a gabansa, mu kuma rana tana faranta mana rai. Can gaban Mai Girma na hango abin da aka tara tikiti a ciki, an lulluɓe shi da kyalle mai ado. Iska ta ɗaga kyallen, sai ga bakin shuɗi.

Na ce, "Yafet, daron ne."

Ya ce, "Ina waken?"

Kafin in amsa aka buga ganga. Mai Girma ya naɗe hannun babbar riga, ya rufe ido, ya dama tikiti, ya ciro ɗaya, ni kuwa na rantse daga cikin hannun rigar na ga ya fito. Keke ya faɗa wa wani bawan Allah wanda, cikin ikon Ubangiji, ƙanin matar Mai Girma ne. Yafet ya dafa ni ya ce, "Baba Tica, keken nan ai ya daɗe yana lodi a tashar mu, dubi taya ta cinye." Firij ya tafi gidan wata baiwar Allah da ke zaune a babban teburin tun safe, ta yi ihun mamaki har da faɗuwa, amma a hankali, don kada ɗankwali ya karkace. Da aka zo kan akuya, mai lasifika ya sassauta murya ya ce da baƙin ciki yake sanar da mu cewa akuyar ta riga mu gidan gaskiya. Muka yi shiru na girmamawa, ƙamshin farfesu yana taso mana daga bayan rumfa.

Sai aka ce kada kowa ya karaya, Mai Girma uba ne, akwai kyautar rarrashi. Aka shiga kiran lambobi, kuma a karo na farko a rayuwata ba a ce mini in sake gwadawa ba. Na ci! Na hau dandamali, aka miƙo mini wata 'yar leda mai hoton Mai Girma yana murmushi, aka ce in riƙe gefe shi ya riƙe gefe, in kalli mai hoto in dara. Na sauko na kwance bakin ledar na leƙa. Atishawa ta kama ni. Wake ne, da garin barkono a jikinsa. Na waiga, duk layin masu sa'a atishawa suke yi.

Na nufi babban tebur na ce, "Ranka ya daɗe, waken nan na matar da kuka kama ne."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Dattijo, ka ga amfanin tsari ke nan. Da mutum ɗaya take ba wa, yau jama'a da yawa sun samu."

Na ce, "To buhunan da ake tarawa kullum da yamma fa?"

Ya ce wannan tambaya ce mai kyau, za a kafa kwamiti a kanta. Sa'annan ya ce in ina son daron in ɗauka, sun gama da shi.

Na juye tikitin a ƙasa, har da nawa, na ɗora daron a ka. Dattijo da kwat, da daro a ka, a tsakiyar gari. Na zuba ledata a ciki. Yafet ya bi masu atishawa ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu ko waken wane ne. Wasu suka juye nasu, Allah ya sa musu albarka. Wasu suka ce ai sun ci ne halal, har da hoto, suka ƙara gaba. Abin da ya taru ko gindin daron bai gama rufewa ba.

Ranar Litinin Maman Tagwai ta fito da shi a haka. Na je na tsaya a gabanta, na kulle bakina da kyau, na nuna mudu da yatsa. Ta auna, ta share da rula, ta juye mini. Kevin yana can gefe yana cin gyaɗar wata mata ba tare da ya tambayi kuɗinta ba. Maman Tagwai ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ce, "Malam, hular ka ta yi datti, kawo in kaɗe maka."

Na miƙa mata. Ta sunkuya bayan daro. Da ta dawo mini da ita, hular ta yi nauyi.

Na ce a hankali, "Mama, don Allah kar ki yi. Bai rage miki komai ba."

Ta ce, "Sa hular ka ka tafi. Ka gai da Madam."

Haka na ratsa kasuwa wuyana a sandare kamar soja, wake yana yi mini susa a sanƙo, barkono yana gangaro mini cikin ido. Na wuce Kevin, ya ga hawaye yana zuba, ya ce, "Baba, har yanzu murnar kyautar ce?" Na ce ƙwarai, ɗana.

Saboda haka, masu karatu, in kuna neman kyautar halal a cefanenku na yau da kullum, tana nan ba ta mutu ba, ɓuya take yi. Wanda zai ƙwace naka zai kafa rumfa ya kira mai hoto, wadda za ta ba ka nata kuwa sai ta duba hagu da dama. In kun gamu da ni a hanya ban cire hula na gaishe ku ba, kada ku ce Gershon ya yi girman kai. Abincin dare ne a ciki.