Taron da ya kori marasa lafiya daga Ain Dafiya

Jama'a, jiya na dawo Makka da ƙura har cikin kunnuwa, kuma wallahi ba yawon shan iska na je ba. Maƙwabcina Baba Tsoho na raka. Duk wanda ke zaune a unguwar Zahir ya san shi, shi ne dattijon nan mai ɗaukar mana ruwa da garwa biyu a sanda. Sanyin ƙashi ya kama masa gwiwoyi, har ya kai ba ya iya hawa matakalar gidan kowa. Mai ɗaukar ruwa kuwa in ƙafa ta ƙi, tukunyar gidansa ma ta ƙi. Matarsa Ramlatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam Wada, don Allah ka kai shi Ain Dafiya ya jiƙa ƙafafun nan, ko ma samu na cefane."

Muka hau motar Lurwanu direba da sassafe. Azahar ta same mu a layin mai. Mai sayarwa ya ɗaga hannu ya ce, "Mafi banzin, sai bukra," wato babu mai sai gobe. Lurwanu ya nuna masa ganguna jere a inuwa, ya ce waɗancan fa, zuma ce a ciki? Aka ce a'a, na motocin 'yan taro ne. Wane taro? Ashe manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya tunda tasu ce ke da amfani, sun shirya babban taro a kan tarihin Ain Dafiya da amfanin ruwanta ga marasa lafiya. Na ce alhamdu lillahi, ga marar lafiya a bayan mota, taron namu ne.

Da ƙyar Lurwanu ya samo mai a wajen wani ɗan uwansa. A hanya Baba Tsoho ya ba ni tarihin garin yadda ya ji a bakin kakarsa. Da can ba komai a wurin sai duwatsu da ruwan zafi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mahajjata masu tahowa a ƙasa daga bakin teku su suka fara tsoma ƙafafunsu da suka tsattsage, suka ji sauƙi. Wata Bakatsiniya mai suna Rumasa'u ta kafa rumfa tana dama musu koko. Daga rumfa sai bukkoki, daga bukkoki sai attajirai suka zo suka gina gidajen hutu.

Da muka isa, Lurwanu ya sauke mu ya juya, sai ga katanga sabuwa fil an kewaye ruwan, an shafa farar ƙasa. Mai gadi ya tare mu da sanda.

"Mamnu'. An hana marasa lafiya shiga sai an tashi taro."

Na ce, "Ya shaikh, ai taron a kansu ake yi."

Ya ce, "Shi ya sa. In baƙi suka ga guragu birjik, sai su zaci ruwan ba ya aiki."

Wannan hikima ta fi ƙarfina.

Daga waje muka saurari jawabi ta bututun magana. Mai Girma Uban Kwamiti, Garkuwar Masu Ciwon Baya, ya karanta tarihin garin tun daga farko. A nasa tarihin, kakansa ne ya ga ruwan a mafarki, ya taso a kan farin raƙumi ya same shi. Babu mahajjata, babu koko. Baba Tsoho ya ce, "To ita Rumasa'u fa?" Na ce wataƙila ita ce ta riƙe masa raƙumin.

Na leƙa ta wata kafa. An janye ruwan da bututu an mai da shi abin ado, yana tsiri sama a gaban rumfar baƙi. Da warin ya dami Mai Daraja Na'ibin Uban Kwamiti, sai aka yi ta tuttula masa ruwan wardi. Ruwan sha kuwa, daga Makka aka kawo musu a mota, daga wurin nan da matanmu ke tsayawa layi tun asuba.

Ruwan da ya gama yi wa manya rawa yana bi ta ƙarƙashin katanga ya zuba a wani kwari inda jakuna ke sha. Can muka tarar da sauran masu ciwo, kowa ya naɗe zane. Na goya Baba Tsoho na zaunar da shi tsakanin wata makauniya da jakin wani mai itace. Ya tsoma ƙafa, ya lumshe ido, ya ce, "Wada, ko a nan ɗin ma ruwan Allah ne." Na juya baya, don kada ya ga fuskata.

Muka yi kwanaki muna haka. Ranar da taro ya tashi, aka sanar da cewa baɗi za a gina asibiti, aka kafa dutse, aka yanka raguna. A ranar ne kuma Baba Tsoho ya miƙe ya taka da kansa, yana ɗingishi amma yana dariya. Wani ɗan kwamiti ya hango shi daga mota, ya sa aka tsaya, ya dafa kafaɗarsa aka ɗauki hoto, ya shaida wa baƙi cewa ga amfanin taro nan tun ba a je ko'ina ba. Bai tambayi sunansa ba, bai kuma rage mana hanya ba.

Yau da safe Baba Tsoho ya kawo mini ruwa har ƙofar ɗaki, mun gode wa Allah. Sai dai na ji a kasuwa cewa manyan namu, saboda tsabar tausayi, suna shirya wani taron a kan abincin talaka. Na ce wa uwargida ta ɓoye ɗan geron da ya rage.