Inna Lantana a Dutsen Zuma

Inna Lantana ta zo Abuja daga Bakori wankan jegon 'yarta Rumasa'u, kuma har aka yi arba'in ba ta san ko'ina ba sai ɗakin mai jego da kicin. Alhali tun kafin ta taso matan unguwarsu sun ba ta sallahu: in ta je, ta gano musu Dutsen Zuma da idonta, su ji ko da gaske ne yana da fuska irin ta mutum, har da ido da hanci. Ita kuwa ta bugi ƙirji ta ce su sha kuruminsu.

Ana gobe za ta koma, surukinta Nafi'u ya ce wallahi ba za a yi wannan abin kunya ba, Inna ba za ta bar Abuja ba ta ga gari ba. Mutumin kirki ne Nafi'u, aibinsa ɗaya: son ɗaukar hoto kamar me. Inna ta ci ado, ta kafa ɗauri, ta shige bayan mota kanta a sunkuye, don kunyar suruki.

Suka fara da Masallacin Ƙasa. Ta fito ke nan, ta ɗaga kai za ta kalli ƙubbar nan mai ruwan zinariya, sai Nafi'u ya zaro waya.

"Inna, juyo nan. Ba shi baya, don ya fito sosai."

Ta juya. Ƙyas!

"Madalla! Mu je, kada rana ta yi mana."

A Tafkin Jabi ma haka aka yi. Tana jin kukan jirgin ruwa da shewar mutane a bayanta, ita kuwa an tsayar da ita tana fuskantar wata mai gasa masara. A ƙofar shiga gari kuma tayar motarsu ta ƙare wa kallo. Abin yana cin ta, amma ina bakin yi wa suruki musu? Ta ce a ranta, ba komai, dutsen dai na zo gani.

Da suka isa Zuma, tankokin mai sun yi layi a bakin titi sun tare ko'ina. Nafi'u ya samo wani ɗan tsakani, ya kai ta, kafin ta gyara mayafi ya riga ya ɗaga waya.

"Yauwa Inna, ba shi baya."

Ta ba shi baya, amma a hankali ta fara karkata wuya, ko za ta saci kallo ta wutsiyar ido.

"Kai, Inna kin motsa! Ya lalace. A sake. Dubo ni, ɗan murmusa."

Ta murmusa, irin murmushin da ya fi kuka ciwo. Ana gama ɗauka wani direban tanki ya danno hon yana neman hanya, Nafi'u ya ce a yi maza a shiga mota kada cunkoso ya rutsa da su. Tankoki suka sake rufe dutsen ruf.

Suna shiga gida Rumasa'u ta tarye su da jariri a kafaɗa.

"Sannunku da dawowa! Inna, yaya gari? Dutsen da gaske yana da fuskar?"

Nafi'u ya karɓe zancen yana washe baki. "Ai yau Inna ta sha kallo. Babu inda ban kai ta ba."

Inna Lantana ta zauna, ta cire takalmi, ta ce, "Bari in kwance ɗankwali, 'yar nan, sai ki tambayi ƙeyata. Ita aka kai yawon buɗe ido, ni rakiya na yi mata."